Yadda Ake Ciyar da Yaro Mai Raunin Ƙwaƙwalwa da Jinkirin Girma a Gida

Wannan bayani na uwa ne, ko kaka, ko duk wadda aka damƙa wa kula da yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, har abin ya shafi motsin jikinsa. Ma'aikatan asibiti suna kiran larurar CP, wato cerebral palsy a Turance. A wajenmu abubuwan da suka fi jawo ta su ne doguwar naƙuda wadda jariri zai fito bai yi kuka ba, da shawara mai tsanani a makon farko wadda ba a sa shi a fitilar asibiti da wuri ba, da haihuwar bakwaini, da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Yawanci iyaye suna fara lura ne idan wata 4 ya wuce wuya bai tsaya ba, ko wata 9 ya wuce bai zauna ba, ko ya haura wata 18 bai taka ba. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yaron ba ɗan ruwa ba ne kamar yadda wasu ke faɗa, ɗa ne da ke jin yunwa da ƙishirwa da ƙaunar uwarsa. Abin da ke ƙaruwa idan ba a kula ba shi ne rama da ciwon huhu, kuma duka biyun daga wajen cin abinci suke farawa.

Abin da ya kamata ki sani game da haɗiya kaɗan ne. A cikin wuya akwai hanyar iska a gaba da hanyar abinci a baya, kuma duk lokacin da mutum zai haɗiye, hanyar iska tana rufewa na ɗan lokaci. A wajen wannan yaro leɓe da harshe da maƙogwaro ba sa aiki tare a kan lokaci, saboda haka abinci kan riga rufewar ya gangara huhu. Idan kansa ya karkata baya, hanyar iskar tana ƙara buɗewa. Ki gwada da kanki, ki ɗaga kai sama sosai ki yi ƙoƙarin haɗiye ruwa, za ki ji wahalar da yake sha. Na daɗe ina wannan aiki, na kuma nuna wa iyaye mata da dama, kuma abin da na tabbatar shi ne gyara zaman yaro yana gaba da gyara abincinsa.

Kayan da za ki tanada

Na farko wurin zama ne. Mafi kyau ita ce kujerar kusurwa, wadda bayanta ya haɗu kamar kusurwar ɗaki, da wurin ɗora ƙafa da ɗan tebur a gaba. Kowane kafinta zai iya yin ta, amma ki bari ma'aikacin sashen gashi na asibiti, wato masu motsa gaɓoɓi, ya auna yaron tukuna, domin kujerar da ta yi masa girma ba ta da amfani. Idan babu hali, kusurwar ɗaki da filo biyu ta wadatar, haka ma kwali mai ƙarfi da aka yanke gabansa, ko baho mai zurfi da aka cike gefensa da tsummoki. Ga ƙaramin yaro kuwa cinyarki ce kujerarsa.

Sai zani biyu ko tawul da za a naɗe don tokare gefen jiki da bayan wuya. Sai ƙaramin cokali marar zurfi, mai santsin baki, na roba mai ƙarfi. Ki guji siririn cokalin robar nan da ake bayarwa da abincin biki, domin yaran nan da yawa suna datse haƙora da ƙarfi da zarar abu ya taɓa su, cokalin ya karye a baki. Cokalin ƙarfe kuma yana iya ji wa dasashi ciwo. Sai ƙaramin kofin roba da za ki yanke gefe ɗaya na bakinsa ki yi wa hanci gurbi, yadda za a iya karkata kofin ba tare da yaro ya ɗaga kai ba, kuma ki goge wurin yankan har ya yi santsi. Sai rariya da ƙaramin turmi, ko injin markaɗe idan akwai. Sai tsumma mai tsabta, da ruwa da sabulu, da ƙaramin buroshi mai taushi. Daga ƙarshe ki sami littafi ko da na 'yan makaranta ne, wanda za ki riƙa rubuta nauyinsa da abin da ya faru wajen cin abinci.

Mataki na 1: Haɗa abinci mai kauri daidai, mai kuma ƙarfi

Mutane suna zaton ruwa-ruwa ya fi sauƙin haɗiya, alhali shi ya fi sarƙe irin wannan yaro, saboda yana gudu kafin maƙogwaro ya shirya. Abincin da ya fi dacewa shi ne mai laushi, marar gudaji, wanda idan kika ɗebo a cokali kika karkata zai zame a hankali ya faɗi a dunƙule. Idan ya zuba yana tsiyaya ya yi ruwa, idan ya manne ya ƙi sauka ya yi tauri.

Abu mafi haɗari shi ne abinci mai fuska biyu, wato ruwa da gudaji a haɗe, irin su shinkafa a cikin romo, da fura da ba ta damu sosai ba, da gari da aka jiƙa, da koko mai ƙullutu. Bakinsa ba zai iya sarrafa biyun a lokaci ɗaya ba, yana fama da gudajin ruwan ya wuce. Ki tace ko ki markaɗa su zama abu ɗaya. Gyaɗar da ba a markaɗa ba da aya da gugguru da alewa mai tauri da nama mai jijiya kada su kusanci bakinsa, biredi busasshe kuma yana manne wa ganɗa.

Tun da cikinsa ba ya ɗaukar da yawa, kuma jiki mai sandarewa yana cin ƙarfi, dole kowane cokali ya zama mai amfani. Koko zalla ba ya riƙe yaro. Ki zuba masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin waken suya da aka soya, ko madara, sannan ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja a kowane ɗan kwano. Garin Tom Brown, wanda ake haɗawa da soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa, yana da kyau ƙwarai idan an niƙa shi ya yi laushi. Akwai kuma faten wake da aka cire ɓawonsa, da dankalin Hausa ko kabewa da aka dafa aka murje da mai, da tuwo mai laushi da aka cakuɗa shi da miyar kuka har suka haɗe, da dafaffen ƙwai da aka murje cikin fate, da kifi da aka tsince ƙayarsa da hannu a tsanake, da ayaba da gwanda, da kindirmo. Garin zogale kaɗan a cikin miya yana taimakawa. Idan bai kai wata 6 ba nono kaɗai ne abincinsa, kuma idan ba ya iya kamawa a tatsa a ba shi yadda ma'aikaciyar jinya za ta nuna. Zuma kuwa ba a ba wa yaron da bai cika shekara 1 ba.

Mataki na 2: Shirya yaron da wurin

Kada ki ciyar da shi yana barci-barci, ko yana tsakiyar kuka, ko jim kaɗan bayan farfaɗiya. Ki kashe talabijin, ki sallami yaran da ke guje-guje, domin ƙara ta ba-zata tana sa jikinsa ya miƙe ya sandare. Ki wanke hannunki da nasa, ki share masa hanci idan ya toshe, ki taɓa abincin a bayan hannunki ki ji zafinsa. Sannan ki gaya masa cewa lokacin abinci ya yi, ki nuna masa kwanon, ki bari ya ji ƙamshi.

Mataki na 3: Zaunar da shi

A nan nake roƙon ki ba da lokaci, ko da abincin zai huce. Ki fara daga ƙugu: ki tura mazaunansa can cikin kujera, ƙugu ya lanƙwashe, gwiwoyi su lanƙwashe, tafin ƙafa ya taka wani abu, ko bulo ne ko kwali. Yaron da ƙafafunsa ke lilo ba ya samun natsuwa a jiki. Daga nan ki daidaita bayansa ya miƙe, ki tokare gefe da gefe da naɗaɗɗen zani idan yana kifewa, ki kawo kafaɗu da hannuwansa gaba. Kai shi ne na ƙarshe, ya kasance a tsakiya yana kallon gaba, haɓa ta ɗan sunkuyo kaɗan.

Idan a cinya za ki riƙe shi, ki zaunar da shi a kan cinya ɗaya, ƙafafunsa su faɗa tsakanin naki, mazaunansa su ɗan nutse ƙasa da gwiwoyinsa, damtsenki kuma ya tokare bayan wuyansa da kafaɗunsa. Wata hanyar ita ce ki zauna a tabarma ki jingina da bango, ki ɗaga gwiwoyinki, ki jingina shi a kan cinyoyinki da filo yana fuskantar ki, amma ki tabbata ya fi kusa da zaune fiye da kwance.

Yara iri biyu ne a nan. Mai sandarewa, wanda ke bankarewa ya jefa kai baya, kada ki tura ƙeyarsa da tafin hannu, domin turawar tana sa ya ƙara bankarewa. Ki ƙara lanƙwasa ƙugunsa, ki kawo kafaɗunsa gaba, za ki ga kan ya biyo da kansa. Mai sanyin jiki kuma, wanda kansa ke faɗowa kan ƙirji, ki ɗan jingina kujerar gaba ɗaya baya kaɗan, ki sa naɗaɗɗen tawul a bayan wuyansa, ki ɗora hannuwansa kan tebur.

Ke kuma ki zauna a gabansa, idonki daidai da nasa ko ƙasa kaɗan. Idan kika tsaya a kansa dole ya ɗaga kai ya dube ki, duk gyaran da kika yi ya lalace.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne ɗura, inda ake kwantar da yaro a cinya, a tara kunu a tafin hannu, a toshe masa hanci don ya buɗe baki. Na san masu yin haka tsoron yunwa ne ke sa su, kuma haka suka tarar ana yi, amma ɗura tana tura kunu kai tsaye cikin huhu, ta kuma sa yaro ya tsani abinci. Ki hana kowa yi masa, ko da kakarsa ce, ki yi mata bayani cikin ladabi ki nuna mata wannan hanyar.

Mataki na 4: Ba shi da cokali

Ki ɗebi kaɗan, rabin cokali ko ƙasa da haka. Ki kawo cokalin daga gaba, daga ƙasa-ƙasa, a miƙe, ki jira ya buɗe baki. Ki ɗora shi a kan gaban harshe ki ɗan danna ƙasa kaɗan, wannan yana hana harshe turo abinci waje, yana kuma sa leɓe ya rufe. Ki ba leɓen sama dama ya kwashe abincin, sannan ki zaro cokalin a miƙe. Kada ki kankare abincin a haƙoransa na sama, domin hakan yana sa ya ɗaga kai kuma leɓensa ba zai koyi aiki ba.

Idan ya datse cokalin kada ki ja da ƙarfi, ki dakata, ki yi masa magana a hankali, zai saki.

Idan bakinsa ba ya rufuwa, ki tallafi muƙamuƙinsa. Kina gabansa, ki sa babban yatsa a kan haɓa ƙarƙashin leɓe, yatsan tsakiya a kwance a ƙarƙashin haɓa inda ƙashi yake, manuni kuma a gefen muƙamuƙi. Tallafi ne kawai, ba matsewa ba, kuma kada yatsanki ya danna maƙogwaro. Yayin da yake samun ƙwarewa sai ki riƙa rage tallafin.

Bayan kowane cokali ki jira har ki ga maƙogwaronsa ya motsa, ki kuma duba ko bakin ya zama wayam kafin ki ƙara. Wasu yaran sai sun haɗiye sau biyu a kan loma ɗaya. Gaggawa ce ke kawo yawancin sarƙewa, musamman idan uwa tana da tukunya a wuta. Cin abinci ɗaya kada ya wuce minti 30, saboda bayan haka ya gaji, gajiya kuma tana lalata haɗiya. Gara ki raba masa sau 5 ko 6 a yini da ki tilasta masa manyan ci uku.

Mataki na 5: Ba shi abin sha

Ki cika kofin nan mai yanka fiye da rabi don kada sai an karkata shi da yawa, ki ɗora bakinsa a kan leɓen ƙasa, ba tsakanin haƙora ba, yankan yana ta wajen hanci. Ki ba shi kurɓi ɗaya, ki sauke, ki jira. Idan ruwa zalla yana sarƙe shi, ki fara da abin sha mai ɗan kauri irin su kindirmo ko tataccen kunu, ko ki ba shi da cokali, sannan ki sanar da likita. Kada ki matsa masa ruwan leda a baki, kada kuma ki faɗaɗa hujin bulumboti don madara ta riƙa zuba. Ki lura da fitsarinsa, musamman a watannin zafi: idan ya ragu ko ya yi duhu, ruwan bai ishe shi ba. Ƙarancin ruwa ne kuma ke ƙara musu taurin bayan gida, wanda gwanda da miyar ganye da motsa ƙafafu ke sassautawa.

Mataki na 6: Gane alamun abinci na bin hanyar iska

Ki tsaya nan take idan kika ga tari ko kakari a lokacin ci, ko idonsa ya kawo ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, ko numfashinsa ya yi sauri, ko leɓensa ya canza launi. Idan yana tari da ƙarfi ki ɗan sunkuyar da shi gaba ki bar shi ya yi, tarin ne ke fitar da abin. Kada ki ba shi ruwa wai don ya wuce, kada ki hura masa fuska, kada ki zura yatsa kina lalube.

Idan kuwa ya kasa tari da kuka da numfashi, abu ya toshe. Ga wanda bai kai shekara 1 ba, ki kifa shi a kan hannunki kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafin hannu, idan bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5 da yatsu biyu, ki yi ta maimaitawa yayin da wani ke neman abin hawa. Ga wanda ya haura shekara 1, bayan bugun baya sau 5 sai ki zagayo ta bayansa, ki sa dunƙulen hannu a saman cibiya, ki ja ciki da sama sau 5. Ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna miki wannan da hannu tun kafin buƙatarsa ta taso.

Akwai yaran da abinci ke shiga huhunsu ba tare da sun yi tari ba. Alamar su ita ce zazzaɓi da ciwon ƙirji da ke dawowa a kai a kai. Duk yaron da ake yawan kwantarwa saboda ciwon huhu, a faɗa wa likita ya duba haɗiyarsa.

Mataki na 7: Bayan an gama

Ki bar shi a zaune ko a saɓe a kafaɗa na minti 30, domin yawancinsu abinci yana dawo musu daga ciki idan an kwantar da su da wuri. Ki duba cikin kumatu da ganɗa ki cire abin da ya maƙale. Ki goge haƙoransa safe da dare da ɗan man goge baki kaɗan, kansa a sunkuye, saboda ƙazantar baki ma tana gangarawa huhu tare da yawu.

Mataki na 8: Mai da lokacin ci lokacin koyo

Yaron da ba ya magana yana da hanyar faɗin abin da yake so, ko da ido, ko da murmushi, ko da juya kai. Ki ɗaga kofi da kwano ki tambaye shi wanne yake so, ki jira amsa, ki ba shi abin da ya kalla. Ki riƙa kiran sunan abinci da na mutanen gida. Idan ya kawar da kai, ki ɗan dakata kafin ki sake miƙa masa, ta haka zai gane cewa ana jin sa.

Idan hannunsa ya fara kai wa baki, ki naɗa tsumma ko roba a mariƙin cokali ya yi kauri, ki ɗora hannunki a kan nasa ku kai tare, ki sa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin kwano don kada ya zame. Zai ɓata jiki da tabarma, ki ƙyale shi. Don koyon tauna, ki sa ɗan abu mai narkewa, kamar dafaffen dankali mai laushi, a gefen baki tsakanin turame, ba a tsakiyar harshe ba.

Tsakanin ci da ci, kafin abinci ba bayansa ba, ki kifa shi a tabarma da naɗaɗɗen zani ƙarƙashin ƙirjinsa, ki sa abin wasa a gabansa don ya ɗaga kai, kina zaune kusa da shi. Ƙarfin wuyan da zai samu a nan shi ne zai gyara haɗiyarsa. Goyo ma yana da amfani saboda yana buɗe cinyoyin yaro mai sandarewa, muddin zanin ya tallafi kansa.

Mataki na 9: Awo da komawa asibiti

Ki kai shi awo kowane wata a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Daga wata 6 zuwa shekara 5 ana auna damtse da tef ɗin awo mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, daga 11.5 zuwa 12.5 kuma rawaya. Idan ya faɗa ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi cibiyar masu tamowa a ranar. Rigakafinsa kada ya tsaya saboda larurar, haka ma sinadarin bitamin A da ake bayarwa duk wata 6, kuma ya kwana cikin gidan sauro.

Kusan 1 cikin 3 na yaran nan suna da farfaɗiya. Idan an ɗora shi a kan magani kada ki tsayar da kanki don kin ga sauƙi, kuma idan maganin yana sa shi barci har ya kasa ci, ki gaya wa likita ya duba adadin. Idan ta tashi, ki kwantar da shi a gefe, kada ki sa cokali ko ruwa ko rubutu a bakinsa, idan kuma ta wuce minti 5 a tafi asibiti.

Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen gashi inda ake koya wa iyaye zaunarwa da motsa gaɓoɓi. Idan nesa ta yi yawa, ki tambayi babban asibitin da ke kusa da ku, ki kuma roƙi a nuna miki abin da za ki riƙa yi a gida tsakanin zuwa da zuwa. Ki tafi da mahaifinsa ko wata babba daga gida, domin ya zama akwai mutum na biyu da ya iya ciyar da shi ranar da ba ki da lafiya ko kika yi tafiya. Idan likita ya ga haɗiyar ba ta da aminci ya ba da shawarar sa robar hanci da ake ba da abinci ta cikinta, kada ki ɗauka gazawarki ce, yara da yawa a lokacin suke fara yin ƙiba su sami ƙarfin yin atisaye. Ranar ganin likita ki riƙe littafin nan, da cokali da kofin da kike amfani da su, da ɗan abincinsa, idan da hali kuma ki sa a ɗauki bidiyonsa a waya yana ci, saboda abin da ma'aikaci zai gani da idonsa ya fi abin da za ki ba shi labari.